KAKIN ARO

Shafi na 27
Daga Shatu Maikuɗi

Salama gare ku mutanen gidan nan. Masu turo mini saƙo suna zagin Muttaka, duk na gani, kuma na riƙe sunayenku. Ku karanta wannan shafin tukuna, sannan mu ga mai iya haɗa ido da ni.

*

Mansura ko karyawa ba ta yi ba ta fita daga gida. Tun ranar da jandarmomi suka zo suka tafi da ƙanenta Muttaka Gidan Rumji abinci ya daina wuce mata a wuya. Mahaifiyarsu kuwa tana kwance a ɗaki, in ta buɗe baki sunansa kawai take kira. Jiya da yamma aka aiko musu cewa gobe za a wuce da shi kaso, wato gidan yari, a Maradi.

Kun dai san laifin da aka ɗora masa. Shi ne shugaban 'Yan Agajin Tudun Tala, kuma a wuyansa makullin ɗakin kaki yake, ɗakin nan na zauren fada da marigayi tsohon sarki ya ba ƙungiya. Maza uku cikin wannan kakin, fuskokinsu rufe da takunkumin likita, suka je rugar Jibrilla da rana tsaka suka ce ana allurar rigakafi. Inno, mahaifiyar Jibrilla, ta miƙa musu jikanta Ashraf da hannunta. Daga nan ba a sake jin ɗuriyar yaron ba.

Atamfa Mansura ta ɗaura yau, duk da ita ma 'yar agaji ce, domin Sarki Amadu ya sa an tattara kakin kowa an kai fada, wai don kada a jefe su a hanya. Kuma jifan ba ƙarya ba ne, an riga an fasa wa wata yarinyarsu goshi a bakin rijiya.

Ni abin da ke ƙona mini rai da mutanen garin nan ke nan. Shekarar da gulbi ya cika ya shigo gidaje, wa ya goyo musu tsofaffi? Lokacin amai da gudawa, da ɗan uwa ke gudun ɗan uwa, yaran nan ne suka yi ta wanke gawa suna kaiwa makwanci. Har ta kai in saurayi ya je neman aure aka ce ɗan agaji ne, to an rage masa rabin bincike. Yau ga Mansura tana wucewa, matar da kullum ke ce mata Komanda ta fizge ɗanta ta turo ƙyaure.

Masu kabu-kabu kuwa duk mai ya ƙare musu lokaci guda. Da ƙafa ta bi gefen gonakin gero, gabanta na faɗuwa, don ta ji an ce samarin ruga sun rantse duk ɗan agajin da ya tako musu ba zai koma da ƙafarsa ba.

Allah ya taimake ta, maza duk sun bazu neman yaron, wasu Cadakori wasu Sae Sabuwa. Mata ne kawai da 'yan maruƙa. Inno na zaune a inuwar wani gawo kusa da turmi, ta zuba wa hanya ido.

Daga nesa Mansura ta durƙusa ta yi sallama.

Idon tsohuwar ya yi rauni, amma kunnenta ras yake.

"Mansura ta? Taho, ɗiyata. Taho kusa."

Hawayen da Mansura ke ta riƙo suka zubo. Ita ce fa ta ɗauko Safina, 'yar Inno, a amalanke cikin ruwan sama ranar naƙuda. A hannunta Safina ta cika a likita, wato asibiti, bayan ta haihu, ba ta faɗi uban yaron ba. Kuma cikin hijabin kakinta ta naɗo jaririn ta kawo shi rugar nan. Shi ya sa ko da duniya ta juya musu baya, ta san akwai tabarma guda da za a shimfiɗa mata.

Ta gaya wa Inno zancen kaso. Ta rantse mata Muttaka yana wajen jana'iza a wani ƙauye ranar da abin ya faru, amma ba wanda ke son ya tsaya masa shaida yanzu. Ta roƙe ta ta tuna mata komai, ko da abin da take gani ba shi da amfani.

Inno ta jima tana murza casbi.

"Ba naku ba na," ta ce. "Daga baya ni gane. Naku in sun zo, mace ka shiga gaba ta yi muna sallama. Waɗanga ba mace cikinsu. Kakin ɗai ni gani, hankalina yak kwanta."

Ta ce biyu ne suka yi ta magana, na ukun dogo ne mai baƙin tabarau, ko tari bai yi ba. Da ta miƙa yaron, shi ya karɓa. Kuma ba irin karɓar masu allura ba, waɗanda ke cafe yaro su juya masa cinya. Wannan rungume shi ya yi ya tsaya yana kallon fuskarsa, ya daɗe yana kallo, har ya zauna a kan turmin nan da ke kife.

"Sannan da za ya tashi, biyun sunka yi wani abu. Ni dai ban taɓa gani ba. Tsaya in gwada miki."

Ta dafa gawo ta miƙe. Ta juya wa turmin baya, ta ware hannuwanta biyu kamar mai shanya zane, na dama sama sosai, na hagu ya tsaya a rabi, a lanƙwashe.

"Hakanga. Guda nan, guda nan, shi yana tsakiya. Ba komi hannunsu. Sai sunka dubi juna sunka sauke da sauri."

Jama'a, Mansura ji ta yi kamar an kwara mata ruwan randa tun daga ka. Tsoro ya kama ta, irin wanda ke sa mutum ya ji fitsari.

A bayan katangar fada aka haife ta. Tun tana 'yar lakol, wato firamare, duk Juma'a tana ganin wannan abin. Idan sarki zai zauna ko zai tashi, dogarai kan juya masa baya su baza manyan rigunansu su kare shi, don kada idon talaka ya ga sarki yana yunƙuri. Ba a yi wa Yarima, ba a yi wa Galadima. Mutum ɗaya ake yi wa a duk ƙasar Tudun Tala. Hannun da ya saba kuwa ba ya jiran izini. Sun ga ubangidansu zai tashi, suka manta kaki ne a jikinsu, babu rigar da za su baza.

Sai sauran abubuwan suka riƙa zuwar mata da kansu. Kafin masu gari su zaɓe shi sarki, Amadu malamin dabbobi ne, ba rugar da babur ɗinsa bai sani ba. Kuma 'yan uwansa da suka sha ƙasa a zaɓen har gobe suna haƙilon neman abin kunyar da za su kai gaban hukuma a warware masa rawani. Ɗa ba aure, a ruga, mai fuskar ubansa. Ta tuna hancin Ashraf, irin na Sarki sak, ta rufe ido.

"Kin san mi na na?" in ji Inno.

"A'a Inno, ban sani ba."

Ƙarya ta yi, kuma ni ban ga laifinta ba. Ta kama hannun tsohuwar ta zaunar da ita, ta roƙe ta don girman Allah kada ta sake nuna wa kowa wannan abin, ko Jibrilla.

"To. Ai ba wanda ni gwada ma, sai ke da ɗan saƙon hwada."

Mansura ta matso kusa da ita.

"Wane ɗan saƙo, Inno?"

"Wanda yaz zo jiya yi muna jaje. Yaro mai ladabi. Shi ma yat tambaye ni awa yadda kika tambaya."

*

Ba ta san yadda ta yi sallama da tsohuwar ba. Tana tafiya tana waige, duk karan geron da ya motsa sai ta zabura. Tunaninta ɗaya, ta kai gida ta ɗauki mayafi ta nemi motar Gidan Rumji, ta faɗa wa jandarmomi abin da ta gani ko da za a ce ta haukace.

Ba ta kai gida ba.

A mararrabar shiga gari ta hango babur a tsaye ƙarƙashin wata bishiyar bedi, da mutum a kai cikin riga ja da kore. Kadi ne, babban dogari. Ya gaishe ta da fara'a har da tambayar mai jiki, sannan ya ce Sarki na kira. Ta ce bari ta je ta yi azahar. Ya ce ai akwai buta a fada.

Ba zauren da ake zaman fadanci aka kai ta ba. Wani ɗan ɗaki ne can ciki, mai ƙaramar taga guda, ba fadawa ba magatakarda. Sarki Amadu na zaune a kujera ba rawani, hula ce kawai a kansa, idanunsa jajaye kamar wanda ya kwana biyu bai runtsa ba. Dogari na biyu, Tala, yana tsaye a gefensa.

Ta zube tun daga ƙofa.

"Allah shi ja zamanin Sarki."

Bai bar dogarai su amsa masa ba, da bakinsa ya amsa. Ya tambayi jikin mahaifiyarta. Ya ce zancen Muttaka ya hana shi barci, yaron kirki, yaron da ya yi wa garin nan abin da 'ya'yan sarauta ba su yi ba. Ya ce ƙungiyar agaji ita ce fuskar Tudun Tala, shi ba zai zuba ido ta lalace a zamaninsa ba. Magana mai daɗi, wallahi da a rediyo kuka ji ta sai kun yi masa addu'a.

Sannan ya ce, "An ce kin tahi ruga."

"Na tahi jaje, ranka shi daɗe."

"Mi tsohuwar tac ce miki?"

"Kuka ɗai take, ranka shi daɗe. Ba ta ce komi ba."

Ya tsare ta da kallo. Ita kuwa ta kafe idonta a kan tabarma, tana jin zufa na bin bayanta.

Sai ya dafa hannun kujera zai tashi.

Kafin ƙiftawar ido Kadi da Tala sun juya, riguna sun bazu. Ba ta yi niyyar ɗagowa ba, idon ne ya ɗago da kansa. Hannun Tala na dama yana sama, na hagu ya tsaya a rabi, a lanƙwashe, tsohuwar karaya ce da ba ta ɗoru daidai ba. Ita da ta ɗauka tsufa ne ya hana hannun Inno miƙewa, ashe tsohuwar kwaikwayo ta yi mata tsaf.

Wani ɗan sauti ya kuɓuce mata daga maƙogwaro. Ta toshe baki, amma an riga an ji.

Rigunan suka sauka. Sarki na tsaye yana dubanta, sannan ya dubi hannun Tala, ya girgiza kai a hankali.

"Ashe ta gwada miki."

Ya tako ya tsaya dab da ita har tana ganin ɗinkin takalminsa. Ya ce mata ita mai hankali ce, ta san abin da zai faru da garin nan in zancen ya fita: gidan sarauta zai rabe biyu, ruga za ta taso, kuma ba wanda zai tsaya tantance ɗan agaji na gaske da na aro. Ya ce shi ɗan Adam ne, ya yi kuskure tun kafin Allah ya ɗora masa wannan nauyin.

Ta tattaro ɗan ƙarfin da ya rage mata.

"Ranka shi daɗe, yaron yana da rai?"

"Yaro yana inda ya dace da shi."

Iyakar abin da ya ce ke nan, kuma ba ta san ta wace fuska za ta ɗauke shi ba.

Ya koma zancen Muttaka. Ya ce abu ne mai sauƙi. Shi da kansa zai je Gidan Rumji ya shaida cewa an fasa ɗakin kaki ta baya, makullin Muttaka bai taɓa barin wuyansa ba, ɓarayi ne daga wata ƙasa. Maganar sarki ba a mayar da ita. Yau ɗin nan Muttaka zai kwana a ɗakin uwarsa, kuma ranar Juma'a za a mayar wa kowa kakinsa a gaban jama'a a wanke sunan ƙungiya.

"Abu guda nika so gare ki. Tsohuwar nika son gani."

Ya ce ya aika mata har da mota, ta ƙi tasowa, wai Jibrilla ya hana ta bin kowa. Amma kowa ya san akwai mutum ɗaya da za ta bi ko ina ne.

Ya yi wa Tala nuni. Tala ya leƙa bayan labule ya fito da kaya a ninke, ya ajiye a gabanta. Kakinta ne, hijabin da siket ɗin, an wanke an goge, tambarin ƙungiya na sheƙi a ƙirji.

"Ki sa kayanki. Ki ce mata 'yan agaji sun gano jikanta, yana likita yana jiranta. Kadi za ya kai ki da mota, shi tsaya bayan itace."

Nan take ta gane abin da kakin zai yi. Ba don Inno kaɗai ba ne. Idan tsohuwar ta shiga motar nan ba ta dawo ba, matan ruga kaf za su rantse sun ga wadda ta zo ta tafi da ita, kuma sun ga abin da ke jikinta. Sau biyu ke nan. Bayan wannan ko ruwan gulbi duka aka kawo ba zai wanke kakin nan ba, ita kuma ta shiga hannun Sarki har ranar da za ta mutu.

"Ranka shi daɗe," ta ce, "in kun gana, za ta koma gida?"

Sarki ya juya ya nufi ƙofar ciki.

"Ranka shi daɗe, Inno za ta koma gida?"

Kadi ne ya amsa, da muryar nan tasu ta sallamar talaka.

"An gaishe ki, Mansura. Sarki ya gaishe ki."

*

A wani lungu na gidan ta sa kayan, har ta juya hijabin baibai sai da ta sake. Shekara da shekaru in ta sa kakin nan ji take ta ƙara tsawo. Yau ji ta yi kamar likkafani aka ba ta ta gwada.

A mota Kadi sai hira yake janta da ita, wai bana gero ya yi kyau. Ita kuwa Muttaka take gani, yadda ya waiwayo ranar da aka sa shi a motar jandarma ya ce, "Yaya, ki kula da Umma." Ta ce a ranta za ta buɗe ƙofa ta dira. Ta ce a ranta tana isa za ta kwarma ihu ta tona komai. To ta tona wa wa? Mata da maruƙa? Kafin maza su dawo daga Cadakori an gama da ita, gobe kuma a wuce da ƙanenta Maradi.

La'asar ta yi sanyi lokacin da motar ta tsaya bayan wasu itatuwa, inda ake hango bukkokin ruga. Kadi bai kashe injin ba. Ya miƙa hannu ya buɗe mata ƙofa, har yanzu da fara'arsa.

"Kada ki daɗe, Komanda. Ina kallonki daga nan."

Ta sauka. Ƙafafunta suka riƙa tafiya ba da shawararta ba.

Matar da ta fara hango kakin ta yar da ƙwarya ta suri ɗanta ta faɗa bukka. Wata ta rarumi taɓarya. Yara suka watse.

Inno tana nan inda ta bar ta, a gindin gawo. Ta ji hayaniyar ta ɗago, ta kare ido da tafin hannu tana ƙoƙarin gane mai zuwa. Sai ta daka wa mai taɓaryar tsawa da Fulatanci, matar ta ja da baya.

Mansura ta tsaya a gabanta. Ta buɗe baki za ta ce mata ki gudu, ki shige gero, ki ɓuya. Sai ta fasa, don daga inda take tana jin ƙugin motar a bayanta.

Tsohuwar ta shafa hijabin, ta shafa tambarin da ke ƙirji, fuskarta ta washe da wata irin murna da Mansura ba za ta taɓa mantawa ba.

"Kin sa kayanki. An maido muku kayanku." Ta ƙara shafa tambarin. "An gane shi ko? An gane mini ɓingel, jikana?"

"Inno…"

"Alhamdulillahi. Na san ke za ki zo. Waccan motar ta?"

"Inno, tsaya ki ji…"

Amma tsohuwar ta riga ta zura takalmanta. Ta damƙe hannun Mansura da ƙarfin da ba a zaci tana da shi ba, ta yi gaba, ita ke janta zuwa wajen motar.